Ruwa Na Neja, Wuta Ta Ƙasa, Aikin Fa Na Wa?

Duk motar da aka yi wa rajista a Minna ko Bida ko Kontagora tana ɗauke da wani ɗan kirari da aka rubuta da Turanci a jikin lambarta, wanda ma'anarsa ita ce Neja jihar wutar lantarki ce. Masu barkwanci sukan ce kalmar tana kuma nufin mulki, tun da jihar ta haifi shugabannin ƙasa biyu na soja, amma asalin kirarin daga ruwa ya fito. Manyan tashoshi huɗu da ke samar wa ƙasar nan lantarki da ƙarfin ruwa, watau Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, duk a cikin jihar suke ko a bakin iyakarta. In aka tara ƙarfin injunan da aka girka a cikinsu ya haura megawat 2,600, alhali kuwa abin da dukan tashoshin Nijeriya ke turawa kan manyan wayoyi a yawancin ranaku bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba.

In aka ta da zancen madatsun nan, a majalisa ko a bakin kasuwa, abu biyu ke fara fitowa. Na farko shi ne ƙauyukan da manyan wayoyi suka ratsa ta kansu amma har yanzu suna kwana da fitilar hannu. Na biyu shi ne ambaliyar da kan cinye gonakin shinkafa a ƙasar Nufe idan aka buɗe ƙofofin ruwa. Duk koke-koken nan suna bisa hanya. Amma akwai na uku wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, shi ne kuwa ya fi shafar samarin jihar: su wa ke aiki a cikin tashoshin nan, wane irin aiki ne, kuma ta wace ƙofa ake shigarsa?

AIKIN GINI

An fara ginin Kainji cikin 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, a ƙarƙashin hukumar madatsun Kogin Kwara da aka kafa cikin 1962. Bankin Duniya da waɗansu ƙasashen waje suka ba da rance, wani haɗin kamfanonin Italiya mai suna Impregilo ya ci kwangilar. Yaƙin basasa ya ɓarke ana tsakiyar aikin, amma bai hana a gama shi cikin 1968 ba, Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar a farkon 1969.

Cikin shekarun nan huɗu dajin Borgu ya koma kasuwa. Dubban mutane suka kwararo daga kowace kusurwa ta ƙasar nan: birkiloli da kafintoci, masu lanƙwasa rodi, masu fasa dutse, direbobin tifa, kukuna da masu gadi, sa'an nan ga mata masu tuwo da 'yan tireda da suka biyo albashin ƙarshen wata. A daidai wannan lokaci ne kuma aka tasa mutum sama da dubu 40 daga garuruwa da tsibiran da tafkin zai haɗiye, Gungawa da Kambari da Busawa da mutanen ƙasar Yawuri. Tsohon garin Bussa, inda Bature Mungo Park ya halaka cikin 1806, ya nutse, aka gina wa mutanensa Sabon Bussa a kan tudu.

To, aikin gini baƙo ne. Ran da aka zuba kankare na ƙarshe, ran nan ake fara sallamar leburori. Wanda ya yi sa'a ya tafi da sana'a a hannunsa, ya zama birkila ko direba har tsufansa. Wanda bai yi ba ya koma gida ya tarar da gonar ubansa a ƙarƙashin ruwa, kuɗin kuwa sun daɗe da ƙarewa.

Haka aka maimaita a Jebba, wadda aka buɗe cikin 1985, da Shiroro a kan Kogin Kaduna cikin 1990. Haka kuma aka sake yi a Zungeru, tsohuwar hedkwatar Gwamna Lugga, inda kamfanonin ƙasar Sin guda biyu, Sinohydro da CNEEC, suka fara aiki cikin 2013 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 1.3, mafi yawansu rance daga wani bankin Sin, aka kammala cikin 2023. Shi ya sa in ɗan siyasa ya tsaya a gaban sabuwar madatsa yana lissafa dubban ayyukan da za ta kawo, ya kamata a tambaye shi wane iri yake nufi. Akwai aikin da ke cin hannuwa da yawa na 'yan shekaru, akwai kuma wanda ke bukatar mutane kaɗan amma ya kai su har fansho, ya kuma jira 'ya'yansu. Kainji ta haura shekara hamsin da biyar tana juyawa, madatsar da ake kula da ita sosai kuwa tana iya kai wa ɗari.

CIKIN GIDAN WUTA

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Ruwan da aka tare a bayan madatsa yana gangarowa da ƙarfi ta cikin manyan bututai, ya bugi wata ƙatuwar farfela, ita kuma ta juya wata sandar ƙarfe mai kaurin gindin kuka, sandar ta juya janareto. Wutar da ta fito sai ta bi ta taransifoma a ɗaga ƙarfinta zuwa kilobolt 330, domin ta iya doguwar tafiya. Kainji tana da irin waɗannan injuna takwas masu megawat 760 gaba ɗaya. Jebba tana da shida, kowanne megawat 96 da 'yan kai. Shiroro tana da huɗu masu megawat 150 kowanne, Zungeru ma huɗu masu 175. Ba gawayi, ba gas, ba hayaƙi, shi ya sa ake lissafa ta cikin makamashi mai tsabta.

Wuyar tana wajen riƙon. A ɗakin kula da injuna akwai ma'aikatan da ke karɓa-karɓa dare da rana, ba salla ba kirsimeti. Wutar Nijeriya tana bugawa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, kuma dole ta tsaya kusa da haka. In masu amfani da wuta suka yi yawa bugun ya faɗi, in suka ragu ya hau, in kuwa ya kauce da yawa sai injuna su kashe kansu ɗaya bayan ɗaya, ƙasa duka ta shiga duhu. Injin ruwa yana iya ƙara ƙarfi ko ya rage cikin 'yan mintoci, saboda haka babbar cibiyar kula da wayoyin ƙasa da ke Oshogbo ta dogara ƙwarai ga mutanen waɗannan ɗakuna. Ko bayan wutar ƙasa ta ɗauke gaba ɗaya, tashoshin ruwa suna cikin waɗanda ake fara tayarwa, don suna iya tashi ba tare da an kawo musu wuta daga waje ba. Mutumin da ke zaune a gaban allon nan da ƙarfe ukun dare bai fiye yin komai da hannunsa ba, amma in abu ya taso, daƙiƙoƙi kaɗan gare shi ya san abin da zai taɓa da abin da ba zai taɓa ba. Irin wannan sani shekaru ke kawo shi.

A ƙasan ɗakin kuma ga makanikai. Su ne masu kula da boris ɗin da ke ɗauke da nauyin injin, suna auna zafinsa, suna duba mansa, suna sauraron girgizarsa. Tsohon makaniki yakan ji canjin ƙarar inji kafin na'ura ta nuna, kamar yadda makiyayi ke gane saniyar da ba ta da lafiya tun daga tafiyarta. Ruwa kuwa, duk da taushinsa, yana cin ƙarfe. Yashin da ke cikinsa yana gogar fukafukan farfela, ƙananan kumfa kuma suna fashewa a jikinsu su bar ramuka kamar zanen ƙyanda. Sai an tsai da injin, an rufe ƙofa, an kwashe ruwan, mai walda ya sauka cikin ramin ya cike su da ƙarfen da ba ya tsatsa, ya goge har siffar ta koma yadda take. Wannan ba waldar ƙofar shago ba ce. Mai yin ta sai ya ci jarrabawa, kuma duk inda ya je a duniya yana da abinci.

Masu aikin lantarki su ke duba naɗin wayoyin janareto da taransifoma, da na'urorin da ke yanke wuta in an sami matsala kafin gobara ta tashi. Da can agogo da allura ake karantawa, yanzu kuwa kwamfuta ta shiga ko'ina, saboda haka an sami sabon rukuni na ma'aikata masu haɗa sanin lantarki da na kwamfuta. Injiniyoyin gini su kuma madatsar kanta suke jinya. An binne na'urori a cikin jikinta masu auna matsin ruwa, akwai wuraren da ake auna ruwan da ke tsatsowa ta ƙarƙashi, in ya ƙaru ko ya canza launi, to magana ta taso. Ko itacen da ya tsiro a jikin bangon ƙasa abin kula ne, don saiwarsa tana iya buɗe wa ruwa hanya.

Akwai masu nutso, waɗanda ke shiga ƙarƙashin ruwa su duba ƙofofi, su cire kututture da ciyawar da ta toshe ragar bakin bututu. Cikin shekarun 1990 wata baƙuwar ciyawa mai kama da kainuwa ta mamaye sassan tafkin Kainji, ta wahalar da masunta da ma'aikata baki ɗaya. Akwai mai tuƙa injin ɗaga kaya, wanda zai ɗaga ƙarfe mai nauyin tan ɗaruruwa ya saukar da shi cikin rami ba tare da ya gogi gefe ba. Akwai mai kula da sito, wanda ake raina aikinsa sai ran da aka nemi wani ɗan ƙaramin ƙarfe aka rasa, aka tarar sai an yi watanni kafin ya iso daga ƙasar waje, inji mai megawat 100 yana kwance. Bayan waɗannan sai akawuna da ma'aikatan asibiti da direbobi da masu gadi da masu shara.

Abin lura shi ne, in aka bi jerin nan daga ƙarshe zuwa farko, ana hawa ne albashi yana ƙaruwa, ana kuma ƙara neman takarda. Kukan da mutanen garuruwan da ke kewaye da madatsun suka daɗe suna yi shi ne 'ya'yansu sun taru a ƙarshen jerin.

MASU KARANTA RUWA

Akwai wani aiki da jama'a ba su cika sani ba, alhali kuwa rayukan dubban mutane suna rataye a kansa. Kogin Kwara, wanda Turawa suka kira Neja, yana tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 ta Mali da Jumhuriyar Nijar da gefen Benin kafin ya faɗa teku a kudancin ƙasar nan. Saboda tsawon nan, tafkin Kainji yana samun cikowa biyu cikin shekara. Ta farko ita ce wadda ake kira farin ruwa, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan daminar ƙasashen kusa ne, yana zuwa da laka shi ya sa ya yi fari-fari. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, watau ruwan da aka yi a Gini, wanda ya daɗe yana yawo cikin faɗamun Mali har lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso nan tsakiyar hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu.

Masanin ruwa shi ne mai lissafin duk wannan. Yana karɓar awo daga tashoshin da ke sama, yana kwatanta shi da na shekarun baya, yana hulɗa da hukumar kula da ruwa ta tarayya da kuma hukumar ƙasashe tara na kwarin kogin, mai hedkwata a Yamai. Daga lissafinsa ake yanke nawa za a tare, nawa za a saki. In ya saki da yawa da wuri, rani ya yi tafki ya ja baya, injuna su rasa abin juyawa. In ya riƙe da yawa, ruwa ya zo ya tarar da tafki a cike, dole a buɗe ƙofofi gaba ɗaya, mutanen Mokwa da Lavun da Katcha su kwana a kan rufi. Jebba kuma tana kimanin kilomita 100 a ƙasan Kainji, ruwan da waccan ta saki shi wannan ke juyawa da shi, saboda haka lissafinsu ɗaya ne. Shiroro da Zungeru su kuwa ba su da baƙin ruwa. Kogin Kaduna daga tudun Jos yake tasowa, abin da damina ta ba su shi za su yi tattali har wata daminar.

A nan akwai abin mamaki. Ba wanda ya san halin kogin nan kamar Basarke ko Bagunge ko Banufen da aka haifa a bakinsa. Sun san launin ruwa da abin da yake nufi, sun san inda yake cin gaɓa. Ɗan masunci da ya sami lissafi da kimiyya a makaranta, da wuya a sami wanda zai fi shi dacewa da wannan aiki, ko da aikin nutso. Sai dai makarantar ita ce ba ta kai gare shi ba.

DAGA NEPA ZUWA KAMFANONI

Cikin 1972 aka haɗa tsohuwar hukumar lantarki da hukumar madatsun ruwa aka kafa NEPA. Duk ba'ar da jama'a suka yi wa NEPA, kuma ta cancanci yawancinta, akwai abu ɗaya da ta iya, shi ne renon ma'aikaci. Takan ɗauki yaro daga makarantar koyon sana'a, ta kai shi makarantarta ta horo, irin wadda ke Kainji, ta ba shi gida a barikin ma'aikata, ta sa shi a ƙarƙashin wani babba, yana hawa mataki-mataki. Waɗansu an aika da su ƙasashen da aka ƙero injunan. Bayan an buɗe Shiroro cikin 1990 sai abubuwa suka tsaya. Har zuwa 1999 ba a gina wata sabuwar babbar tasha ba, kuɗin gyara ya yi ƙaranci, horo ma ya yi rauni. Aka sami giɓi tsakanin tsofaffin hannu da masu tasowa, giɓin da har yanzu ake jin ciwonsa, don waɗanda suka shiga aiki zamanin da ake girka injunan Jebba da Shiroro yawancinsu sun yi ritaya.

Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta mai da NEPA ta zama PHCN, aka yanka ta kamfanoni 18. Ran 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa yawancinsu ga 'yan kasuwa, aka biya ma'aikata sama da dubu 40 haƙƙinsu na sallama, sabbin masu riƙo suka zaɓi waɗanda za su ci gaba da su. Madatsun ruwa ba a sayar da su ba, haya aka ba da ta shekara 30. Kamfanin Mainstream Energy Solutions ya karɓi Kainji da Jebba, North South Power ya karɓi Shiroro, daga baya cikin 2023 Mainstream ya sake cin hayar Zungeru. An gyara injuna da dama da suka daɗe a kwance, wannan kuwa ba abin musu ba ne.

Amma canjin ya taɓa ƙofar shiga aiki. Muddin tashar tana hannun gwamnati, tana ƙarƙashin ƙa'idar raba daidai ta tarayya, wadda ta ce a raba manyan muƙamai tsakanin jihohi, ƙananan ma'aikata kuma a ɗauki mafi yawansu daga yankin da ma'aikatar take. Kamfani mai zaman kansa ba wannan ƙa'ida ke tafiyar da shi ba. Abin da ya sani shi ne injin da ya tsaya kwana ɗaya asarar miliyoyi ce, saboda haka zai ɗauki wanda ya iya, daga Borgu ya fito ko daga Aba. Ba za a ga laifinsa a nan ba. Wasiƙar mai martaba ko ta ɗan majalisa tana iya sama wa yaro aikin gadi, amma ba ta iya zaunar da shi a ɗakin kula da injuna, kuma ba mai hankalin da zai so ta iya.

Sai a haɗa da wannan cewa guraben ba su da yawa. Hukumar duniya mai kula da makamashin da ba ya ƙarewa, IRENA, ta ƙiyasta cewa cikin 2023 mutum miliyan 16.2 ke aiki a wannan fanni a duniya. Daga cikinsu kimanin miliyan 2.3 ne ke aikin lantarkin ruwa kai tsaye, alhali hasken rana ya ɗauki sama da miliyan 7, ko da yake ruwa ya fi shi ba da wuta nesa ba kusa ba a wannan shekara. Madatsa tana ba da wuta mai yawa da hannuwa kaɗan. Wanda ya ce za ta share zaman banza a jiha ya yaudari jama'a. Abin da za ta iya shi ne ta riƙe wani rukuni na ƙwararru masu albashi mai kyau, waɗanda kuɗinsu da saninsu za su zauna a garuruwan, in 'yan garuruwan ne.

HANYAR SHIGA

Hanyar a shimfiɗe take, sai dai ba a cika nuna wa yara ita ba. Hukumar yi wa injiniyoyi rajista, COREN, ta kasa ma'aikatan fannin gida huɗu: injiniya, da masanin fasaha, da mataimakin fasaha, da mai sana'ar hannu. Yaron da ya gama ƙaramar sakandare yana iya shiga kwalejin koyon sana'a, irin waɗanda ke Minna da Kontagora da Sabon Bussa da Eyagi ta Bida, ya yi shekara uku ya fito da takardar NABTEB a aikin lantarki ko walda ko gyaran injuna. Daga nan yana iya wucewa kwalejin fasaha ta tarayya da ke Bida ko ta jiha da ke Zungeru, ya yi ƙaramar difloma ta shekara biyu, ya yi shekara ɗaya a wurin aiki, ya dawo ya yi babba. Mai son zama cikakken injiniya kuma ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa cikin 1983, karatun shekara biyar ne, da watanni shida na koyon aiki a masana'anta. Cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, NAPTIN, da aka kafa cikin 2009, ita ta gaji makarantun horo na NEPA, kuma ɗaya daga cikin rassanta yana Kainji.

Da wuya a sami wata jiha a ƙasar nan da ta tara makarantu da wuraren gwaji kusa da juna haka. Kwalejin Zungeru da madatsar Zungeru gari ɗaya suke. Amma tsani ba ya amfani in matakinsa na farko ya karye. Duk waɗannan karatuttuka lissafi da kimiyya suke nema, makarantun ƙauyukan bakin ruwa kuwa su ne suka fi rasa malaman waɗannan darussa, don ba malamin da ke son a tura shi inda sai da kwalekwale ake zuwa. Sa'an nan ga raini. Iyaye da yawa suna ganin makarantar koyon sana'a ta waɗanda suka kasa ce, gara yaro ya karanta aikin mulki ya zo ya zauna shekara biyar yana jiran a ɗauke shi a sakatariya. 'Yan mata kuwa ba a ma kawo su cikin lissafi, alhali ba abin da ke cikin ɗakin kula da injuna ko ofishin awon ruwa da ya fi ƙarfin mace.

Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarkin ruwa, HYPPADEC, wadda aka yi dokarta cikin 2010 amma ta ɗauki kusan shekara goma kafin ta fara aiki, tana da hedkwata a Minna, ta kuma koya wa matasa sana'o'in hannu iri-iri. Wannan abu ne mai kyau. Amma horon wata uku ba ya fitar da mai waldar farfela. Abin da ake bukata ya fi wannan tsada, ya kuma fi shi jinkirin nuna amfani: a zaɓo yara daga Borgu da Agwara da Mokwa da Shiroro da Wushishi tun suna ƙaramar sakandare, a ɗauki nauyinsu har su gama, a kuma yi yarjejeniya da kamfanonin a rubuce kan yawan ɗaliban da za su karɓa koyon aiki kowace shekara. Gwamnan da ya fara wannan ba shi zai yanke zaren buɗewa ba, wataƙila shi ya sa ba a rububinsa.

Akwai kuma maganar tsaro, wadda ba ta cikin lissafin ma'aikacin NEPA na da. Cikin Janairun 2022 'yan bindiga suka kai hari kan masu aikin Zungeru, suka sace 'yan ƙasar Sin uku. Cikin Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka yi kwanaki cikin duhu, bayan an lalata babbar wayar da ta tashi daga Shiroro zuwa Kaduna, masu gyara kuma ba su iya shiga dajin ba sai da rakiyar sojoji. Ma'aikacin da ke hawa dogon ƙarfe a tsakiyar wannan daji yana saye da ransa a hannu. Ƙwararre daga nesa in ya sami wani aikin a Legas tafiya zai yi. Ɗan ƙasa, wanda gidansu da kabarin kakansa ke nan, ya fi yiwuwa ya zauna, kuma mutanen da 'ya'yansu ke cin abinci a tasha sun fi saurin kai rahoto in sun ga baƙuwar fuska a gindin waya. Ko ta fuskar riba kaɗai aka duba, kamfanonin suna da dalilin renon 'yan wurin.

Cikin 2023 aka gyara tsarin mulki, aka kuma yi sabuwar dokar lantarki wadda ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da sa ido a kanta cikin iyakokinsu. Neja tana cikin jihohin da suka kafa hukumarsu ta kula da lantarki. Manyan madatsun suna nan a hannun tarayya, amma jihar yanzu tana bukatar injiniyoyinta da lauyoyi da masu lissafin kuɗin wuta. Hasken rana ma ya shigo. Cikin 2019 aka buɗe wata ƙaramar tashar sola a ƙauyen Rokota, cikin 2024 kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa wata mai megawat 20 a gefen madatsar Shiroro, domin rana ta yi aiki da yini, a adana ruwa don dare. Yaron da ya iya lantarki sosai yana iya cin abinci a kowanne daga cikinsu, tushen karatun ɗaya ne.

A Kainji kanta akwai wata dama da ba ta zuwa sau biyu a rayuwar ma'aikaci. Masu zanen madatsar sun yi mata gurbin injuna goma sha biyu, takwas aka girka, huɗu suka zauna fanko shekara da shekaru. Kamfanin da ke riƙe da tashar ya ba wani kamfanin Sin kwangilar girka biyu a ciki, masu megawat 220 gaba ɗaya. Tsofaffin ma'aikatan da aka fi ji da su a tashoshin nan su ne waɗanda suka tsaya suna kallo sa'ad da ake harhaɗa injunan tun daga ƙusar farko, suka ga cikinsu kafin a rufe. Ɗalibi ɗan Sabon Bussa da aka ba hular kwano aka tsayar da shi a bakin ramin nan watanni shida zai tafi da abin da ba a rubuta a allo. Ko bayan an gama da waɗannan biyun, sauran gurbi biyu suna nan.